Zuwa Guci a tsohuwar Landiroba

Daga Damagaram zuwa Magarya hanya ba ta da wani dogon labari. Kwalta ce ta miƙe kudu, ta ratsa Bande, kilomita 90 da ɗoriya. An riga an girbe hatsi, sai karare a gonaki dama da hauni, gawo kuma ya fito da sabon ganye yadda ya saba idan sauran itatuwa sun fara zubarwa. Tafiyata daga tashar Magarya ta soma ɗaukar ma'ana, domin Guci na nufa, ɗaurin auren ɗan wani abokina, kuma motar da ta kawo mu ba ta taka rairayi.

Ɗan kamasho ya nuna mini wata Landiroba a gindin dogon yaro. Doguwar nan ce mai lamba 109, irin wadda aka ƙera a Ingila tsakanin 1971 da 1985. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan launinta na asali. Jikinta alminiyam ne, shi ya sa ba ta yi tsatsa ba, sai dai ta lotsa nan ta lotsa can, ƙofar baya kuwa igiya ce ke riƙe da ita. An ɗora mata buhunan siminti, da tabarmi, da kwanukan rufi, da wani babur a kwance. Direban dattijo ne mai furfura a gemu, kowa a tasha Baba yake ce masa. Abin da ya fi alfahari da shi injin ne. Abokan sana'arsa da yawa sun cire na asali sun dasa na gas, shi kuwa ya ƙi. Nasa na fetur ne, silinda 4, lita 2 da kwata, yadda Bature ya sako shi.

"Malam, shiga gaba," in ji shi. "Amma sai mun ba ta ruwa tukuna, sannan mu biya gareji. Mai gaggawa ya hau babur."

Ban taɓa ganin mutum ya sayi mai da natsuwa irin ta Baba ba. A gidan mai ya cika tanki, bai ce komai ba. Amma jarkar da zai ajiye don dawowa, wurin 'yan ruwa-ruwa ya tsaya ya cika ta, a nan ne kuma na ga aiki. Ya ɗaga kwalba ya duba ta a hasken rana, musamman gindinta, domin ruwa ya fi fetur nauyi, idan akwai shi can ƙasa yake kwanciya. Ya ɗiga kaɗan a tafin hannu ya hura. Fetur tsantsa nan da nan yake bushewa ya bar hannu fari; idan an surka shi da kananzir sai ya bar maiƙo. Sannan ya ciro wani tsumman rawani daga ƙarƙashin kujera ya ɗaura a bakin mazurari. Kowace kwalba ba ya bari a juye ta duka, sai ya ce wa yaron da ke zubawa, "Tsaya nan, ɗana, ragowar taka ce." Yaron ya yi dariya, da alama sun saba.

Shekaru da dama wannan sana'a ce ta riƙe ƙasar Magarya da Dungas. Iyaka tana kusa: Tinkim da Babban Mutum ta nan, Maigatari ta can gabas, inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Alhamis. A wancan lokaci gwamnatin Najeriya tana biyan tallafin mai, saboda haka litar da aka tsallako da ita a bayan babur ta fi ta gidan mai araha nesa ba kusa ba. Ko da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a Nuwamban 2011, mai tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, mutumin Dungas bai daina sayen na kwalba ba. A 2019 Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Sana'ar ta ji jiki amma ba ta mutu ba. Abin da ya karya ta shi ne jawabin Bola Tinubu na ranar 29 ga Mayun 2023, da ya ce tallafi ya ƙare. Man Najeriya ya tashi, a Nijar kuma aka sauke lita daga sefa 540 zuwa 499 a Yulin 2024, wato dala ɗari ba tamma guda. Jama'a suka koma gidajen mai gaba ɗaya, matata ta kasa ɗaukar nauyin, har aka yi dogayen layuka a Maris ɗin 2025. Yau kwalabe suna nan a bakin hanya, amma ba kullum mutum zai san daga ina abin da ke cikinsu ya fito ba. Wannan ne dalilin tsumman Baba.

A gareji aka ɗaga bonet don a ɗaure wata roba. Makaniken, mutum mai matsakaicin shekaru, da ya ji an ce ni malamin makaranta ne, sai ya shiga rumfa ya fito da wata 'yar kwalbar roba duk ƙura, mai ɗan ma'auni a wuyanta. Ya ce a cikin but ɗin wata tsohuwar mota da aka kawo daga Kwatano ya tsince ta, ta daɗe a kan katako, ya kasa zubarwa ya kuma kasa amfani da ita.

"Malam, ku duba mana. Maganin ƙarin gudu ne?"

Rubutun Faransanci ne. Na karanta na ce masa, "Maigida, wannan madadin dalma ne. Ana ɗiga shi a tankin tsofaffin motoci masu shan fetur."

Baba ya juyo. "Dalma? Wadda ake yin harsashi da ita? Me ya haɗa ta da mai?"

Tambayar ta yi mini daɗi, domin mutumin da ya yi ta ya shekara fiye da ashirin yana ƙona dalma a injinsa yana shaƙar hayaƙinta, ba wanda ya taɓa gaya masa. An zuba ta ba a shawarce shi ba, an cire ta bai ji labari ba.

Ga yadda abin yake. A cikin injin fetur, fistin yana matse haɗin mai da iska, fulogi ya ba da wuta. Idan man ba ya jure matsi, wani sashe nasa sai ya fashe da kansa kafin wutar ta iso, ka ji inji yana ƙwanƙwasa, musamman a hawa ko da kaya. A Disamban 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗan ƙanƙanin wani haɗin dalma yana kashe wannan ƙwanƙwasa. A 1923 aka fara sayar da irin man a garin Dayton. Daga baya aka lura da wata fa'ida ta biyu da ba don ita aka zuba ba. Bawul ɗin da ke fitar da hayaƙi yana aiki cikin zafin da ya kan haura digiri 700, kuma idan inji yana juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana bugun mazauninsa sau 25 a daƙiƙa guda. Dalmar da ta ƙone tana barin wani siririn shafi a kan mazaunin, ƙarfe ba ya cin ƙarfe. Da aka cire ta, a injin da mazauninsa baƙin ƙarfe ne mai taushi, sai bawul ya riƙa manne wa mazauni yana tsinko ɓarɓashi, ɓarɓashin ya zama abin gurza, bawul ya yi ta nutsewa cikin kan inji kamar turmin da taɓarya ta daɗe tana ci. Tazarar da aka bari a sama ta ƙare, bawul ya daina rufewa sosai, wuta ta bi ta gefe ta ƙone shi, mota ta rasa ƙarfi.

Makaniken ya gyaɗa kai tun kafin in gama. Cutar ya sani sarai, sunanta ne da dalilinta bai taɓa ji ba. Ya ce akwai shekarun da tsofaffin Landiroba suka riƙa zuwa masa da bawul a matse, ya sassauta, bayan wata biyu su dawo a matse. Shi a lokacin zafi ya ɗora wa laifi, da lodin da ya wuce kima. Bai yi kuskure ba, domin nutsewar ba ta tsananta sai inji ya daɗe yana ihu da zafi da nauyi. Motar da ke tafiya a hankali cikin gari tana iya shekaru ba ta nuna komai ba. Wadda ke haƙa rairayi da giya ta biyu, da mutum ashirin a bayanta, ita ce abin tausayi.

Ba kowace tsohuwar mota abin ya shafa daidai ba. Fijo 504, da aka fara ƙerawa a 1968, aka kuma yi ta harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975 har shekara kusan 30, kan injinta alminiyam ne, saboda haka dole tun a masana'anta aka dasa mata zoben ƙarfe a mazaunin bawul. Haka ita ma 404, akori-kurar da ta yi wa kasuwannin ƙasar Hausa bauta. Motocin Japan kuwa sun riga kowa shiri, domin can tun 1975 aka cire dalma daga man da yawancin mutane ke sha. Mai injin gas ba ruwansa da zancen baki ɗaya. Landiroba irin ta Baba ce ke tsakiyar matsalar: kan injinta baƙin ƙarfe ne, a jikinsa aka yanka mazaunin.

A Turai, motar nan da mai ita ya lulluɓe ta da mayafi a ɗaki. A Faransa idan mota ta kai shekara 30 ana iya yi mata takardar motar tarihi. A Ingila idan ta kai 40 ana yafe mata harajin hanya. Da aka hana sayar da mai mai dalma a can a farkon 2000, masu irin waɗannan motoci hankalinsu ya tashi, kamfanoni suka fito da kwalabe irin wadda ke hannuna. Wasu da fotashiyam ake haɗa su, wasu da sodiyam ko fosfaras ko manganis, aikinsu dai ɗaya ne, su bar shafin da dalma ke bari. Galibi mililita 1 ake sa wa lita 1, a fara ɗiga maganin sannan a zuba mai a kai don ya gauraya, kuma ba a son a riƙa haɗa iri biyu. Afirka ta Kudu ma da ta bar dalma a 2006, sai ta sa aka riƙa sayar da man da aka riga aka haɗa da madadin a famfo. A ƙasar Hausa ban taɓa ganin famfo irin wannan ba.

Baba ya karɓi kwalbar ya jujjuya ta. Ya tambayi lita nawa za ta yi wa. Na duba na gaya masa. Ya yi lissafi da yatsu ya ce, "To, wata ɗaya ke nan. Bayan ta ƙare in aika Faransa?" Ya miƙa wa makanike abinsa. Sai a sannan ya gaya mana cewa shekarun baya, da bawul biyu suka ƙone masa, ya kai kan injin Kano, wani mai injin gyaran ƙarfe ya huda mazaunan ya dasa zobba masu tauri. Tun daga nan bai sake jin ɗuriyar matsalar ba. Wato maganin da masu motocin tarihi a Turai ke ɗauka shi ne na dindindin, Baba ya riga ya yi shi, bai san ya yi ba.

Rana ta take tsaka kafin mu bar Magarya. Muka yi gabas. Tun 2011 aka yanke Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi 4: Dungas, Dogo-Dogo, Malawa da Guci. A garin Dungas muka yi azahar, aka sauke siminti aka ɗora gishiri da mata uku da akuya, na sayi rake da naira aka ba ni canji da sefa, ba wanda ya ga abin mamaki. Daga nan muka karkata arewa. Karen mota ya sauka ya rage wa tayoyi iska, Baba ya ja ƙaramin sandan giya, injin ya canja murya.

A nan ne hira ta dawo kan mai. Wani fasinja a baya, mai sayar da fata, ya ɗaga murya ta taga ya ce shi dai ya sani man da can ya fi na yanzu ƙarfi, a zamanin shugaba Kunce lita guda sai ta kai ka inda biyu ba sa kai ka yau. Baba ya ce wannan gaskiya ne. Na bar su suka gama, domin ba a gardama da mutum a kan ƙuruciyarsa, kuma a zamanin Kunce injin nan sabo ne. Amma dalma ba ta ƙara wa lita nisa. Injin Landiroba ma matsinsa kaɗan ne, an yi shi ne don ya sha man da ya samu a ko'ina, ba ya bukatar taimakonta wajen ƙwanƙwasa. Abin da dalma ta ƙara da gaske, a jinin mutane ta ƙara shi.

Tun farko an san guba ce. A Oktoban 1924 ma'aikata 5 suka mutu a wata matata a jihar New Jersey inda ake haɗa sinadarin, bayan sun haukace, wasu da dama aka kwantar. Aka ɗan dakata, aka ci gaba da sayarwa. Sai da masana irin su Clair Patterson suka yi shekaru suna nuna yadda dalmar hayaƙin mota ta cika iska da ƙasa da ƙashin ɗan Adam. Amurka ta fara janyewa a shekarun 1970, da motoci suka zo da tukunyar tace hayaƙi wadda dalma ke lalatawa, ta hana gaba ɗaya a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka taru a Dakar a Yunin 2001 suka sa wa kansu wa'adin ƙarshen 2005, suka kuma cika. Aljeriya ce ta zama ta ƙarshe a duniya, a 2021, kuma hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa barin man nan yana hana mutuwar mutum fiye da miliyan 1.2 a kowace shekara. Ƙananan jiragen sama masu farfela har yanzu suna shan mai mai dalma.

Mu Hausawa ba sai an kawo mana misali daga nesa ba. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje. Ta hayaƙin mota ba ta kashewa farat ɗaya irin haka. A hankali take aiki, ta rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa, a ce ba ya gane karatu, a yi ta dukansa. Na tuna yaron da ya cika wa Baba jarka, da yadda na ga ya sa tiyo a baki ya zuƙo mai daga durom ya tofar. Fetur ko babu dalma ba abin sa wa a baki ba ne. Amma ubansa, idan ita ce sana'arsa a shekarun 1990, abin da ya kurkure baki da shi ya fi wannan muni ƙwarai.

La'asar sakaliya, a tsakiyar wani tudun rairayi mai goruba jefi-jefi, Landiroba ta yi tari sau biyu ta mutu. Mata suka sauka suka shimfiɗa zane a inuwa, ba wadda ta yi tsaki. Baba bai ko kalli wajen bawul ba. Ya kwance kafireta ya juye ɗan kofinta a tafin hannu ya nuna mini: jan ƙasa da ɗigon ruwa. Ya ce ba daga man yau ba ne, tsohon datti ne da ke kwance a gindin tanki, girgizar hanya ta tayar da shi. Ya hure 'yar ƙofar man da baki, ya wanke da fetur, ya mayar. Karen mota ya sa hannu ya buga famfon mai, muka tura kaɗan, ta tashi.

Wannan ɗan kofi ya fi kwalbar Faransa faɗin gaskiyar tsohuwar mota a ƙasar nan. Abin da ke kashe inji tsakanin Dungas da Guci ƙura ce, da ruwa a mai, da surki, da lagireton da ya toshe, da baƙin man da ya wuce lokacin juyewa. Ko man da ya fito ta hannun hukuma ba kullum yake da tsarki ba. A Fabrairun 2022 kamfanin mai na Najeriya da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da kima, motoci suka lalace a Legas da Abuja. Wanda ke fama da waɗannan, rashin dalma shi ne na ƙarshe a jerin damuwarsa.

Mun shiga Guci ana kiran magariba. Gari ne na manoma da makiyaya, gidajen ƙasa da na kara, da kwazazzabai masu damshi a kewaye inda ake noman rani. Yara suka biyo mota da gudu. A bakin kasuwa akwai teburin kwalabe, masu babura sun kewaye shi, domin babur ne yanzu ke yin yawancin aikin da Landiroba ta yi a da, kuma injinsa an ƙera shi ne don man da babu dalma. Abokina ya tarye ni da fura mai sanyi. Baba ya ƙi zama, ya ce sai ya sauke gishirin mutane, gobe da asuba kuma zai juya.

Washegari bayan an shafa fatiha, hira ta kai mu ga wani ƙanen ango da ya gaji tsohuwar akori-kura daga mahaifinsa, yana so ya tashe ta ya riƙa kai rake kasuwanni. Ya ji labarin kwalbar daga bakin karen mota, har an ƙara mata gishiri, ta zama maganin da ke mayar da tsohon inji sabo. Ya ce, "Yaya, in ba da saƙo a kawo mini daga Kano?" Na ce ya bar kuɗinsa a aljihu. Fijo ce, zobba suna nan tun daga masana'anta. Na gaya masa abin da zan gaya wa duk mai tsohuwar motar fetur: ya sa makanike ya riƙa auna tazarar bawul da siraran ƙarafan awo duk lokacin da aka juye baƙin mai. A Landiroba irin ta Baba tazarar kwatan milimita ce. Idan kullum aka duba ta nan take, babu abin da ke nutsewa, ba a bukatar komai. Idan tana raguwa a bawul ɗin hayaƙi, to madadin dalma zai sassauta cutar in ana samunsa a kai a kai, amma kuɗin kwalabe na shekara guda gara a tara su a kai kan injin Damagaram ko Kano a dasa zobba. Kada kuma kowa ya zuba irin wannan magani a sabuwar mota ko a injin gas da sunan ƙarin ƙarfi. Asarar kuɗi ce, wani irin ma yana lalata tukunyar tace hayaƙi.

Mai tsohuwar mota da ke karanta wannan, ka sayi matacin mai sabo, ka wanke tanki kafin damina, ka ajiye tsumma mai tsabta don mazurari. Yaron da ke zuba maka mai kuma, ka hana shi zuƙar tiyo da baki, ko da kai ne za ka saya masa ɗan famfon roba.